Isawa da Tambayar Asali: Bashin da Birnin Kudu da Gwaram Ke Bin Manazarta Hausa

Muhawara a kan asalin addinin Kirista da ingancin littattafansa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana yin ta a majalisu da ɗakunan kwanan ɗalibai, ana kuma yin ta a Facebook da WhatsApp. Sai dai wanda ya saurare ta da kunnen nazari zai lura cewa kusan dukkan makamanta na aro ne. Ɓangare guda yana dogaro da hujjojin Ahmed Deedat, musamman muhawararsa da Jimmy Swaggart ta shekarar 1986, wadda kasa-kasanta suka zagaye Arewa. Ɗaya ɓangaren yana mayar da martani da amsoshin da aka tsara a Amurka ko Ingila. Alhali kuwa ƙasar Hausa tana da nata tarihin wannan tambaya, wanda ya tsiro daga zaurukan malaman Kano tun kafin wani ɗan mishan ya kafa sansani a cikinta, wato labarin Isawa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, an bar labarin a hannun masu neman hujja da shi, kuma gyaran hakan yana buƙatar manazarta Hausa su fuskanci tsohuwar iyakar Kano da Ningi, inda Birnin Kudu da Gwaram suke.

Kafin a shiga labarin, ya dace a nuna yadda hujjar aro take lalacewa idan ta rabu da tushenta. Ana yawan cewa a taron Nikiya na shekarar 325 ne aka zaɓi littattafan Sabon Alkawari, aka ƙone sauran. Abin da taron ya zauna a kai shi ne saɓanin da koyarwar Ariyus ta haifar game da matsayin Almasihu. Jerin littattafai ashirin da bakwai da aka sani a yau ya bayyana cikakke ne a wata wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, a shekarar 367. Haka nan Linjilar Barnaba, wadda ake ɗagawa a matsayin asalin da aka ɓoye: kwafinta da aka sani na Italiyanci ne da Sifaniyanci, kuma ba su girmi ƙarshen ƙarni na 16 ba. Wannan bai rufe ƙofar tambaya ba, domin tambayar tana da manyan magabata. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya yi dogon sharhi a kan saɓanin da ya gani a nassoshin Attaura da Linjila. Rahmatullahi al-Kairanawi, bayan muhawararsa da Fanda a birnin Agra na Indiya a 1854, ya rubuta Izharul Haƙƙi, inda ya yi amfani da binciken masanan Turai kansu. Waɗannan sun karanta abin da suke suka. Bambancinsu da mai tura saƙo a waya ke nan.

Labarin Isawa, a siffar da ya fi shahara da ita, yana tafiya kamar haka. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi matsayin da sauran malamai suka ga ya wuce iyaka. Ya tara almajirai, aka kira shi gaban hukuma, ya ƙi janye maganarsa, aka kashe shi a kasuwar birni. Mabiyansa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka gangara ƙasar Zazzau. A shekarar 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS a Zariya, daga nan aka kafa ƙauyen Kiristoci a Gimi. Ciwon barci ya ɗaiɗaita ƙauyen cikin 'yan shekaru, waɗanda suka tsira suka haɗu da jama'ar mishan da ta koma Wusasa a 1929. Wusasa kuwa ita ce ta yaye mutane irin su Dokta R. A. B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Don haka labarin ba tatsuniyar gefe ba ce. Yana da reshe a cikin tarihin bokon Arewa.

Tambayar farko da manazarci zai yi ita ce: daga bakin wa aka ji? Riwayar da ta fi yaɗuwa ta biyo ta hannun Miller ne, musamman littafinsa Reflections of a Pioneer na 1936. Miller ya san Hausa ƙwarai, yana kuma cikin jigogin aikin da ya haifar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Amma mutum ne mai manufa. Yana cikin tawagar Bishop Tugwell da Sarkin Kano Alu ya sallama daga birnin a 1900, ya kuma shafe shekaru a Zariya yana wa'azi ba tare da samun mabiya masu yawa ba. Ga mai irin wannan tarihi, zuwan mutanen da ke cewa kakanninsu sun daɗe suna jiran labarin Isa amsar addu'a ce. Su ma masu ba shi labarin suna tsaye ne a bakin ƙofar sabon addini, suna duban jiya da idon yau. Tsakanin mutuwar Malam Ibrahim da haɗuwar 1913 akwai kimanin rabin ƙarni. Babu buƙatar a zargi kowa da ƙarya kafin a yarda cewa labarin da ya yi wannan tafiya ya ɗauki ƙurar hanya.

A nan ne labarin Isawa ya haɗu da babbar muhawarar da aka fara da ita. Mafi yawan masana tarihin Sabon Alkawari suna sanya rubuta Bisharar Markus wajen shekara ta 70, wato kimanin shekaru arba'in bayan zamanin Almasihu, kuma tambayoyinsu su ne: me ya faru da labarin a bakin mutane kafin ya hau takarda, wa ya rubuta, don wa? Malaman Musulunci sun fuskanci irin wannan matsala game da hadisi, suka gina ilimin isnadi da na tantance maruwaita. Abin mamaki shi ne, ɗalibin da zai iya kwana yana tuhumar tazarar da ke tsakanin Almasihu da marubutan Bishara, ko wanda zai kwana yana kare ta, bai taɓa ɗora ma'aunin a kan riwayar da ta faru a ƙofar gidansa ba. Mai wa'azin Kirista yana karɓar Isawa a matsayin Kiristocin da suka riga mishan zuwa. Mai wa'azin Musulmi, idan ya san da su, yana sallamar su a matsayin 'yan bidi'a ko ƙirƙirar Turawa. Dukkansu sun yanke hukunci kafin a saurari shaidu.

Masana tarihi sun riga sun nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Ian Linden, a nazarinsa da ya fito cikin littafin da Elizabeth Isichei ta tace a 1982, ya sanya Isawa tsakanin addinai biyu masu littafi, ya kuma karanta su a cikin yanayin jiran ƙarshen zamani da ya mamaye Daular Usmaniyya. Saukowar Annabi Isa don kashe Dujal aƙida ce ta Musulunci, zancen Mahadi kuwa ya yi ƙarfi har sai da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya yi rubutu yana kore cewa shi ne Mahadin. Malamin da ya zurfafa a kan Isa a wannan yanayi ba lallai ne ya kasance yana hanyar fita daga Musulunci ba. Adell Patton kuma, a kundin digirinsa na uku na 1975 a kan masarautar Ningi, ya bibiyi hijirar Malam Hamza da jama'arsa daga Tsakuwa ta ƙasar Kano zuwa duwatsun Ningi a wajajen 1846, hijirar da rikicin haraji ya haddasa. Wato a cikin duwatsu guda an sami masu gudun haraji, da masu saɓanin aƙida, da ƙabilun wurin irin su Butawa da Warjawa. Raba waɗannan zaruruwa shi ne aikin da bai kammalu ba.

Me ya kawo Birnin Kudu da Gwaram cikin wannan? A yau ƙananan hukumomi ne a kudancin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, amma a ƙarni na 19 su ne gefen masarautar Kano da ke fuskantar Ningi. Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Wudil zuwa Ningi har yanzu ta Birnin Kudu take ratsawa. Yankin ya sha hare-haren Ningawa, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, kuma littafin Tarihin Kano ya ba da labarin yaƙe-yaƙensa da Ɗan Maje. Sai dai wannan littafi muryar fada ce, kamar yadda littafin Miller yake muryar mishan. Muryar da ta rage ita ce ta mutanen iyaka: waɗanda masu hijira suka ratsa ta gonakinsu, waɗanda aka kama kakanninsu aka hau da su dutse, waɗanda suka dawo, da malaman ƙauye da suka yi wa jama'a bayanin su wane ne waɗannan malamai da suka bar Kano. Iyaka ba bango ba ce. Kasuwa tana ci a kanta, aure yana ƙulluwa, labari yana tsallakawa. Yadda mutanen wannan gefe suka kira masu hijirar, da abin da suka ce suna karantawa, shaida ce da ba ta bi ta hannun fada ko ta mishan ba.

Wani zai ce wannan aikin masana tarihi ne, ba na sashen Hausa ba. Amsar ita ce, shaidar da ake nema a cikin harshe take kwance. Tana cikin kirarin garuruwa da na mayaƙa, da sunayen unguwanni da kufai, da waƙoƙin wa'azi na ajami masu zancen alamomin tashin ƙiyama, da tatsuniyoyin da ake tsorata yara da su. Wanda bai iya bambance karin harshen yanki, ko gane inda mai ba da labari ya sauya daga abin da ya ji zuwa salon da aka saba ƙawata labarin waliyyai da shi, zai kwashi ƙaiƙayi ya bar tsaba. Bugu da ƙari, ita kanta muhawarar addinan biyu a Hausa muhawarar kalmomi ce. Tun daga fassarar Bisharar Matiyu da J. F. Schön ya fitar a 1857, da taimakon da ya samu daga Dorugu, masu fassara suke ɗibar kalmomi daga rumbun da Musulunci ya cika: Allah, annabi, Zabura, Almasihu, mala'ika. Amma Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cewa Yesu, Musulmi kuma suna cewa Isa. Mutanen da aka sani da Isawa sun tsaya daidai kan wannan tsaga, sunansu kansa hujja ne cewa daga ƙamus ɗin Alƙur'ani suka faro.

Akwai kuma masu ganin cewa tono irin wannan batu a Arewar yau wasa da wuta ne. Damuwar tana da tushe, domin yankin ya ga yadda magana kan addini take zama asarar rayuka. Amma shirun masana bai taɓa hana a yi maganar ba. Abin da yake yi shi ne barin fili ga wanda ya fi ɗaga murya. Binciken da ya bayyana maruwaitansa, ya nuna inda riwayoyi suka saɓa, ya kuma ƙi ba kowane ɓangare kambun nasara, ya fi zama ruwa a kan wutar fiye da zama makamashinta. Sharaɗin kawai shi ne ladabi: a nemi izinin masu gari da malamai, a kare sunan wanda ya nemi a sakaya shi, kada kuma mai bincike ya shiga gari da amsarsa a aljihu.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa suna cikin jihar, Jami'ar Bayero tana Kano. Rahotannin jami'an mulkin mallaka kan gundumomi suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, takardun CMS kuma suna Jami'ar Birmingham a Ingila. Abin da ba ya jira shi ne mutane. Dattijon da aka haifa a wajajen 1940 yana iya kasancewa ya zauna a gaban kakar da ta ga zamanin hare-hare kafin Turawa su ci Kano a 1903. Wannan silsila ce mai mutum biyu kacal, irin wadda masu nazarin asalin Bishara za su yi fatan samu. Nan da shekaru kaɗan za ta zama mai mutum uku ko huɗu, ta ƙara nisa da tushe.

Birnin Kudu ta shahara da zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsunta, an kuma kare su da doka saboda an gane darajarsu. Abin da ke cikin ƙirazan tsofaffinta da na Gwaram ba shi da irin wannan kariya. Sashen Hausa da ya tura ɗalibi ɗaya na digiri na biyu zuwa wannan iyaka, da na'urar ɗaukar magana da horon tantance riwaya, zai ƙara wa muhawarar asalin addinai abin da dubban saƙonnin waya ba su ƙara mata ba, wato shaida sabuwa daga ƙasar Hausa, cikin harshen Hausa.