Kifin da ya gagari Amurka, da tafkunanmu

Yau maganar kifi muka kawo, amma ba ta soyawa ba.

Mu fara raba gardama. Abin da muke kira « carpe » a nan, wanda ake gasawa bakin kogin Isa a Yamai, karfasa ce, kifinmu na gida. Karp na ainihi wani kifi ne daban, asalinsa daga Asiya. Shi ne ya hana Amurka barci shekara da shekaru.

A shekarun 1970 masu kiwon kifi a jihar Arkansas suka shigo da shi, da kyakkyawar niyya: ya riƙa cinye gansakuka yana tsabtace masu ruwan kiwo. Sai ambaliya ta zo, ruwa ya haɗe, kifi ya sulale cikin kogin Misisipi. Daga nan ya yi ta hawa arewa har kogin Ilinoi, ya doshi manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada.

Ɓarnarsa ba ta haƙori ba ce, ba ya farautar kowa. Abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, su ne kuma abincin ƴaƴan sauran kifaye. Yana ci kamar gara, yana saurin girma har ya fi ƙarfin mai cinsa, mace guda kuma tana zuba ƙwai dubu ɗaruruwa. Kifin gida bai mutu da faɗa ba, yunwa ce ke ƙarar da shi. Akwai ma wani irinsa mai launin azurfa, da ya ji ƙarar injin jirgi sai ya yi tsalle har mita 3, ya faɗo wa mutum a fuska. An ji wa mutane ciwo da gaske.

To me suka yi? Tun 2002 suka kafa shingen lantarki cikin mashigin ruwa kusa da Shikago, don kifi ya ji girgiza ya koma baya. Suna biyan masunta su kwashe shi tan-tan. Sun kuma tsara wani sabon shinge a wurin da ake kira Brandon Road, kuɗinsa ya zarce dala miliyar 1, wato sama da miliyar 600 na sefa. Ku lura fa, duk wannan kuɗi ba na kawar da kifin ba ne, na tare masa hanya ne kawai.

Mun san abin da wasunku za su rubuto: « Ku kawo mana shi Damagaram, da yaji da ƙuli-ƙuli za mu gama da shi! » Wallahi mu ma mun yi dariyar. Su ma sun gwada. A 2022 jihar Ilinoi ta sauya masa suna zuwa « Copi » don mutane su daina ƙyamarsa su saya, ga shi da ƙaya da yawa. Amma ciki ba ya cimma kifin da ke haihuwa haka. Kuma ranar da ya zama sana'a, wa zai yarda a ƙarar da shi?

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, hanyar da ya bi a can tana nan a buɗe wurinmu. Kiwon kifi sai ƙaruwa yake, abu mai kyau, matasa na samun na kansu. Ana zuba ƴaƴan kifi a tafkuna irin su Madarunfa, Tabalak da Gidimuni don masunta su samu abin kamu. Ambaliya kuwa ba baƙuwa ba ce, mun ga ta 2020, mun ga ta 2024. Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake shigowa, ruwa bai san duwan ba. Ramin kiwo guda ya ɓalle, shi ke nan.

Ba mu ce karp ya shigo tafkunanmu ba, kar a je a ce rediyo ta ce. Cewa muke, ƴaƴan kifi ƙanana kama suke da juna a idon wanda bai ƙware ba, mai saye kuma sau da yawa bai san abin da ke cikin jarkarsa ba. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe kogin Isa, ai ita ma baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, har yau hannu ake sa wa ana fidda ta.

A ganinmu, duk kifin da za a zuba a tafkin jama'a ya zama na gida: karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa. Ma'aikatan ruwa da gandun daji su duba kowace jarka kafin a juye, a gaban sarkin ruwa da masunta. Magajin gari kuma ya hana haƙa ramin kiwo a kan hanyar ruwa, ko na wane ne. Masuntan Madarunfa da Tabalak, in kun ga kifin da ba ku san sunansa ba cikin taru, kada ku mai da shi ruwa. Ku ɗauki hotonsa, ku kai shi ofishin gandun daji, ku turo mana nan.