A Ba Yaro Randa Ya Tsare

'Yan'uwa manoma, da bazara rijiyoyin Adabka kan ja baya, amma yaranmu suna ta ɓarin ruwa. Bulala ba ta koya wa yaro tattali. Na gwada sa'ad da nake koyarwa, ban ga amfaninta ba. A ba shi randa da moɗa, gida da makaranta, a ce shi ne mai tsaro. Ruwan wanke-wanke kuwa ya kai wa zogalensa.

Wani zai ce, ai akwai kududdufi. Ku tuna 2010, da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Har cikin kududdufai aka same ta.

Shugabannin ƙungiya, ku ga hedimasta tun rani bai yi nisa ba.