Tsoho Mai Malfa

 A hutun da ya wuce mun shafe mako biyu a gida Watari muna fama da fuskar wani tsoho da ya bar duniya tun kafin a haifi kakanninmu. Sunansa Patience Escalier, ma'aikacin lambu ne a kudancin Faransa, kuma Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, shi ya zana shi da fentin mai a garin Arles cikin watan Agusta na 1888. Malaminmu na zane ne ya ba mu aikin hutu, ya ce kowa ya zaɓi aikin wani gwani ya kwaikwaya. Malfar tsohon ce ta ja mu. Da ka gan shi sai ka rantse ɗaya ne daga dattawan da ke noman rani a bakin dam ɗinmu na Bagwai.

Mun fara yadda aka koya mana: muka shafa wa allon katako farin fenti, muka raba shi gida-gida daidai da yadda muka raba hoton, muka fitar da siffar da gawayi. Shafin farko ana tsinka shi, mai kauri sai daga baya, in ba haka ba zanen ya tsattsage idan ya bushe.

A fuska muka sha kashi. Mun dama launi guda, muka ce ai wannan ne launin fata, muka shafe ta kaf. Sai ta fito kamar katangar da aka yaɓe da laka. Da muka ƙara girman hoton a waya, sai ga ja a kumatu, ruwan goro a hanci, har da kore a cikin gemu, kowane layin buroshi zaune kusa da ɗan'uwansa ba a cakuɗa su ba. Shuɗin da ke bayansa kuma shi ya sa fuskar ke ci kamar garwashi. Van Gogh da takwarorinsa irin su Gauguin ba su tsaya ga launin da kowa ya sani ba, zafin ranar da mutumin ya sha suke so ka ji. Haka muka kankare aikin kwana uku. (Fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba, don haka ku juya fuskar allon bango, kada ƙurar hunturu ta yi muku irin ɓarnar da ta yi mana.)

Kawunmu ya leƙo ya ce, "Wannan ai satar amsa ce." Muka ce a'a Kawu, shi kansa Van Gogh tsakanin 1889 da 1890 ya kwaikwayi ayyukan Millet wajen 20, na manoma a bakin aiki. Sata ita ce ka sa sunanka ka yi shiru. Ku rubuta sunan mai aikin na asali a bayan allo.

Amma kada ku tare a nan. Ɗaliban zane da suka kafa ƙungiya a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun koyi dabarun Turawa ne suka juya su kan rayuwar gida. Mu ma ranar ƙarshe mun roƙi kakanmu ya zauna mana a gindin mangwaro. A karon farko muka lura baƙar fata ma ba launi ɗaya ba ce: akwai shuɗin sama a goshinsa, da ja-ja a ƙarƙashin ido. Shekara ashirin muna kallon fuskar nan ba mu gani ba.

Wasu gidajen ba a yarda da zanen mai rai ba. In naku haka yake, kada ku ja da iyaye. Malfa da fartanya da kwandon tumatir ma za su koya muku launi. Shi dai kakanmu ya duba nasa ya ce mun ƙara masa hanci, amma ya hana a fitar da allon daga ɗakinsa. Sai mako mai zuwa.