Baƙon da Ya Sauka a Apiya

Masu karatu, a wannan wata za mu tafi nesa, can tsakiyar tekun Fasifik, wani gari mai suna Apiya a tsibiran Samowa. Labarin wani baƙo ne da ya sauka can a shekarar 1896.

Sunansa Joshua Slocum, tsohon kyaftin ɗin jiragen ruwa, haifaffen ƙasar Kanada. Shi ne mutum na fari da ya kewaye duniya a jirgin ruwa shi kaɗai. Jirgin nasa, mai suna Spray, tsawonsa bai kai ƙafa 37 ba, ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Ya tashi daga Boston ta Amurka ran 24 ga Afrilu, 1895. Kafin ya iso Apiya ran 16 ga Yuli, 1896, ya yi kwana 72 bai taka ƙasa ba, ba wanda ya yi magana da shi sai kansa. Ku duba fa, wata biyu da kwanaki ba ko mai amsa sallama!

Da ya jefa anga bai yi hanzarin sauka ba, ya zauna yana sauraron muryoyin mutane daga gaɓa. Can sai ga 'yan mata uku cikin kwalekwale, suka gaishe shi da harshensu. Da ya ce shi kaɗai ya zo, suka ƙi yarda, suka ce lalle yana da abokan tafiya, cinye su ya yi a hanya.

Ya yi sama da wata guda a garin. Matar marubucin nan Robert Louis Stevenson, wanda ya rasu a can a 1894, ta gayyace shi gidansu na Vailima, ta ba shi littattafan hanyoyin teku na mijinta, ta kuma sa aka sare masa gora don gyaran jirgi. Ya gai da Sarki Malietoa. Malaman makarantar 'yan mata ta mishan da ke Papauta suka kawo ɗalibansu su ga jirgin, kowace sanye da farar riga. Ya shiga ƙauyuka inda gidaje ba su da bango, sai ginshiƙai da jinka, aka shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa ava, watau abin sha da ake yi da saiwar wani tsiro, wanda ake miƙa wa baƙo bisa ga girmansa.

Amma abin da ya fi zauna masa a rai, kamar yadda ya nuna cikin littafin tafiyarsa, shi ne ba wanda ya tambaye shi ribar da zai ci daga wannan wahala. A ƙasarsu kuwa tambayar fari ke nan. Har wani basarake ya yi wa Turawa ba'a a gabansa, cewa ban da dala ba su san kome ba. Slocum ya dubi itatuwan kwakwa da kifin teku, ya ga kamar abinci faɗowa yake yi a hannun mutanen nan.

To, a nan ne muke so mu ɗan ja da kyaftin. Mun yarda da karimcin da aka yi masa, gama ba ƙarya ya yi ba. Amma baƙo yakan ga tuwo a kwano ne, ba ya ganin turmi. Tabarmar da ya zauna a kai, mata ne suka saƙa ta, irin mai laushin nan kuwa takan ci watanni. Gwazar da ya ci, wani ne ya hau tudu ya noma ta. Kifin, wani ne ya fita da kwalekwale ya kamo. A gonakin kwakwa na Jamusawa da ke kusa da garin kuma akwai leburori da aka kwaso daga waɗansu tsibirai, suna fasa kwakwa suna shanyawa domin kasuwar Turai. Su dai ba su san wannan hutu ba.

Garin ma bai kwanta kamar yadda ya gani ba. Jamus da Ingila da Amurka duk suna ja-in-ja a kansa. A watan Maris na 1889 jiragen yaƙinsu sun cika tashar Apiya suna harar juna, guguwa ta zo ta farfasa shida, na Ingila kaɗai ya tsira. Mutanen gari, waɗanda aka kawo jiragen domin a razana su, su ne suka shiga ruwa suna tsamo matuƙa. Gawar jirgin Jamus mai suna Adler tana nan kwance bisa duwatsun tashar sa'ad da Slocum ya shigo. Shekara uku kafin zuwansa an yi yaƙin sarauta, aka kori Mata'afa zuwa wani tsibiri mai nisa.

Slocum ya ɗaga anga ran 20 ga Agusta, 1896, ya nufi Ostareliya, kewa ta kama shi ƙwarai. Ya koma Amurka ran 27 ga Yuni, 1898, bayan tafiyar mil wajen 46,000. Samowa kuwa aka raba ta a 1899, Apiya ta faɗa hannun Jamus. A Nuwamba 1918 wani jirgi mai suna Talune ya shigo tashar nan da masu mura mai tsanani, hukumar Niyu Zilan da ke mulki lokacin ta bar su suka sauka. Cikin 'yan makonni wajen mutum ɗaya cikin kowane biyar ya mutu. Sai a 1962 ƙasar ta sami mulkin kanta.