Daga Ƙasashen Waje: Masuntan Da Ke Yaudarar Manyan Kifaye Da Ulun Tunkiya

In aka gaya wa Sarkin Ruwa na Yawuri ko na Argungu cewa akwai masuntan da ke kama kifin da ya fi kilo goma ba da taru ba, ba da mamari ba, ba kuwa da tana ko ɗan kifi a bakin ƙugiya ba, sai da ɗan tulin ulu da gashin zakara kawai, da wuya bai yi dariya ba. Amma kuwa haka abin ya ke a Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai, inda wannan irin su ya zama sana'a ga wasu, ya zama abin shaƙatawa ga dubban mutane, har da littattafansa da malamansa da gardandaminsa.

Turawa suna kiran abin da su ke ɗaurawa a ƙugiyar nan fulai, watau ƙuda, domin tun asali ƙwarin da ke sauka bisa ruwa a ke kwaikwaya. Dabarar ta tsufa ƙwarai. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, wani marubucin Rum mai suna Claudius Aelianus ya ba da labarin masuntan ƙasar Makidoniya waɗanda kan naɗa jan ulu a jikin ƙugiya, su haɗa da gashi biyu na wuyan zakara, su jefa wa kifi. Wani littafin su da aka buga a Ingila a 1496 ya lissafa ƙudaje goma sha biyu, jikunansu kuwa da ulu a ke naɗa su. Ashe ke nan ulu shi ne tsohon kayan aikin sana'ar, ko da ya ke daga baya alharini da gashin tsuntsaye masu tsada sun so su ture shi gefe.

Da tafiya ta yi nisa sai masunta suka lura babban kifi ba ya cika ɓata lokacinsa a kan ƙwaro, 'yan'uwansa ƙanana ya ke farauta. Daga nan aka shiga ɗaura wani dogon fulai mai kama da ɗan kifi, wanda a ke ce wa sitirima. Wata mata mai suna Carrie Stevens a jihar Maine ta yi suna da irinsa tun daga 1924. A ƙarshen shekarun 1950 Lefty Kreh ya fito da nasa, wanda ya laƙaba wa sunan da ke nufin mayaudari, don kamun kifin bas mai zane a mashigin tekun Chesapeake, har gidan waya na Amurka ya sa hotonsa a kan sarki a 1991. A 1987 kuma Bob Clouser ya ɗaura wani mai idanun dalma a kogin Susquehanna, wanda nauyin idanun kan juya ƙugiyar bakinta ya dubi sama, don kada ta riƙa sarƙewa a duwatsu.

To, ina ulu ya shigo? Tun shekarun 1930 Don Gapen ya koya wa jama'a yi wa sitirima ƙaton kai da gashin barewa, a kogin Nipigon na ƙasar Kanada. Aibin gashin barewa ɗaya ne: cikinsa rami ne kamar karan dawa da ya bushe, iska ya ke riƙewa, saboda haka kullum so ya ke ya taso sama. Mai neman kifin da ke kwance a ƙasan ruwa sai ya yi ta fama. Ulu kuwa shan ruwa ya ke yi, in ya jiƙe sai ya nutse a hankali, ya tsaya tsakiyar ruwa yana lilo kamar ɗan kifin da ya ji rauni. Ga shi da taushi, in bas ya cafke shi ba ya saurin tofarwa. Ga shi yana karɓar rini kowane iri, almakashi kuma yana sassaƙa shi yadda a ke so.

Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. Allah Ya halicci kifi da wani layi a kowane gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda da shi ya ke jin motsin ruwa ko da idonsa bai ga kome ba. Siririn fulai yana ratsa ruwa shiru, amma mai faffaɗan kai na ulu tunkuɗa ruwa ya ke yi a gabansa, igiyar motsin ta isa wurin kifi cikin duhu ko cikin ruwa mai laka. Ruwan da ya kewaye kan kuma yakan murɗa a baya, shi ke sa dogon gashin wutsiyar ya riƙa kaɗawa ba tare da masuncin ya yi wani abu ba.

Yadda a ke ɗaurin ba shi da wuyar faɗa, wuyarsa a hannu ta ke. Maɗauri yakan danne ƙugiya a ɗan matsin ƙarfe bisa tebur, ya naɗe jikinta da zare mai ƙarfi. Ya fara da wutsiya: dogayen gashin zakara huɗu ko shida, ko gashin jelar barewa, da 'yan zaruruwa masu ƙyalli. Sa'an nan ya yanko ulu daga fatar tunkiya da aka jeme, kaurinsa bai wuce na fensir ba, ya taje shi, ya ɗora bisa ƙugiya, ya ɗaure tsakiyarsa, ya lanƙwasa na gaban baya, ya matse. Haka zai yi ta jerawa, tuli bayan tuli, har bakin idon ƙugiya, fari a ƙasa, kore ko toka-toka ko baƙi a sama, domin haka ƙananan kifaye su ke, ciki fari baya duhu. In ya gama, abin da ke gabansa bai fi kama da kan yaron da ya shekara bai ga wanzami ba. Sai almakashi da reza su shiga aiki, a rage nan a rage can har siffar kifi ta fito, a manna idanu biyu da gam.

Wurin askin nan a ke gane gwani. Sabon shiga kullum hannunsa cike ya ke, yana ganin yawan ulu shi ne kyau, alhali kuwa kowane tulin da ya ƙara, ruwa ya ƙara wa kansa ɗauka. Wani kuma yakan bar ulu ya toshe tsakanin bakin ƙugiya da jikinta, kifi ya cafka ya saki ba abin da ya soke shi, masunci ya koma gida yana zargin rashin sa'a. Bob Popovics na jihar New Jersey, wanda ya yi fice wajen fulai na teku, ya sami wata mafita: bayan ya sassaƙa ulun sai ya shafe bayansa da silikon, irin wanda a ke liƙe gilashi da shi. Fatar silikon ta hana ruwa shiga, ta riƙe iska a ciki, ta kuma jure wa haƙori. Da wannan ulun da aka ɗauko don ya nutse ya koma mai tafiya dab da saman ruwa yana barin sawu a bayansa.

Jifa kuwa wani karatu ne daban. A fatsar da aka saba, nauyin dalma ko na abin da ke bakin ƙugiya ke jan zare. A nan kuwa igiyar ce mai nauyi, ita a ke kaɗawa gaba da baya a iska kamar bulala, ta ɗauki fulai ta kai shi. An lamba igiyoyin bisa nauyin ƙafa talatin na farko. Lamba 10 tana da wajen giram 18. Manyan sitirima masu tsawon inci shida zuwa goma suna bukatar lamba 8 zuwa 10, wani lokaci fiye. Ulun da ya ƙoshi da ruwa, a bakin masu abin, jifansa kamar jifa da jiƙaƙƙiyar safa ne, ga ƙugiya tana wucewa dab da kunne. Shi ya sa mai hankali ba ya fita sai da tabarau da hula.

In fulai ya faɗa ruwa, masunci ya saukar da bakin sanda ƙasa, ya riƙa jawo igiya da hannu, ja biyu ko uku, ya dakata, ya sake. Yawancin cafka a lokacin dakatawar nan ta ke zuwa, sa'ad da ulun ya tsaya yana buɗewa. Da ya ji nauyi, igiyar zai fizga da hannu, ba ɗaga sanda ba, don bakin manyan kifaye tauri gare shi. A tafkuna, bas mai babban baki cikin ciyayi da kututturan itace ya ke kwanton ɓauna, sai a sa wa ƙugiya ɗan zaren roba mai tauri ya kare bakinta. Irin wannan bas ɗin, wanda George Perry ya kama a jihar Georgia a 1932 ya kai laba 22 da oza 4, watau wajen kilo goma, ba a sami wanda ya yi daidai da shi a littafin bajinta ba sai a 2009 a tafkin Biwa na Japan. A teku kuwa cikowa da janyewar ruwa a ke bi, a tsaya inda ruwa ke gudu yana tara ƙananan kifaye, galibi da asuba ko da dare. Da dare baƙin fulai ya fi ci, don kifi daga ƙasa ya ke duban sama, inuwa ya ke gani. An dawo gida kuma dole a wanke kome da ruwan daɗi a shanya, in ba haka ba gishirin da ulu ya riƙe ya ci ƙugiya.

Wata falalar ulu ita ce araha, kuma ba a kashe wani abu mai wuyar samu dominsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a sana'ar da son gashin tsuntsu ya taɓa kai wani ga sata: a 2009 wani ɗalibin kiɗa Ba'amurke, Edwin Rist, ya fasa gidan tarihin halittu na garin Tring a Ingila ya kwashe fatun tsuntsaye 299, ya riƙa sayar wa maɗaura fulai. Sai dai mai son gwada abin a ƙasar Hausa zai tarar Uda da Balami da 'Yankasa gashi gare su, ba ulu ba. Sai ko ya nemi ulun saƙa na gaske ya taje.

Amma abin damuwa na gaske yana wurin kifin ne kansa. Bas mai zane na gabar Atlantika a kogi ya ke zuba ƙwai, ya koma teku ya girma, yakan kuma wuce kilo talatin. Yawan kamu da gurɓatar ruwa sun kusa ƙarar da shi a farkon shekarun 1980, har majalisar Amurka ta yi doka dominsa a 1984, jihar Maryland ta hana kama shi gaba ɗaya daga 1985 na tsawon shekara biyar. A 1995 aka ba da sanarwar ya farfaɗo. Jama'a suka saki jiki, sai ga binciken 2019 ya nuna an sake cin sa fiye da kima. A 2023 hukumar kifi ta jihohin gabar ta yi dokar gaggawa, ta hana masu su don nishaɗi riƙe wanda ya wuce inci 31. Dalili kuwa, manyan nan kusan duk mata ne, su ke ɗauke da mafi yawan ƙwai, su ne kuma ainihin waɗanda ƙaton fulai na ulu ke kira. Masunta suna alfahari da cewa sakin kifin su ke yi, amma lissafin hukumar ya ɗauka tara cikin ɗari na waɗanda aka saki mutuwa su ke yi daga baya. Saboda haka masu kula kan danne ƙayar ƙugiya da filaya, su yi amfani da igiya mai ƙarfi don kada kokawa ta yi tsawo, su cire ƙugiya kifin yana cikin ruwa. Wanda ya ɗaga kifi minti biyu yana neman hoto, sakin da ya yi na baki ne kawai.

Wannan irin su ya iso kusa da gida. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai kusa da iyakar Nijeriya, baƙi kan zo da rani su yi farautar giwan ruwa da manyan fulai, daga faɗuwar rana zuwa cikin dare, a gurabun da dorina ke kwana, su auna kifin su mayar da shi. Giwan ruwa haɗiya ya ke yi kamar bas, don haka mai faffaɗan kai yana yi masa. Tsage ne dai ba ya ragawa: sai an sa waya a gaban ƙugiya, kuma fulai ɗin da aka ɓata rabin sa'a ana sassaƙawa, cizo biyu ya kan mayar da shi tsumma.