Daga Kati Zuwa Takardar Sayayya: Abin da Ya Sauya a Tsofaffin Asibitocin Kano

Duk gidan da ke da tsohuwa a cikin birnin Kano, da wuya a dawo daga asibiti ba a ji irin wannan hira ba. Jika ya shigo a gajiye, ya zauna a bakin tabarma, ya zaro takardar da aka rubuta masa yana lissafi: safar hannu, sirinji, auduga, ledar ƙarin ruwa, allurai iri biyu, sannan a tanadi wanda zai ba da jini ko da za a buƙata. Tsohuwa ta saurara har ya gama, ta girgiza kai ta ce, "Kai ɗan nan, ranar da zan haifi ubanka, daga ni sai zanina da katina na tafi. Har abinci a can aka ba ni." Jikan ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai wannan zamanin ya wuce." Daga nan ya miƙe ya tafi neman rance.

Matasa sukan ɗauki wannan magana a matsayin ƙorafin tsufa, irin na wanda komai na jiya ya fi masa na yau daɗi. Amma maganar shaida ce ta wadda ta ga asibiti a zamani biyu, kuma ta cancanci a auna ta. Idan aka auna, za a tarar da gaskiya a cikinta, za a kuma tarar da abin da tsawon lokaci ya shafe. Raba waɗannan biyun shi ne zai nuna ainihin abin da aka rasa, don kada a yi ta gyaran abin da bai lalace ba.

Asibitin da ake tunawa

Babban asibitin cikin gari da ke kusa da Ƙofar Mata an kafa shi ne a ƙarshen shekarun 1920, a farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon mulki a 1926. A lokacin Turawa suna da nasu asibitin daban a wajen ganuwa, wannan kuwa na talakawan Sarki ne, ƙarƙashin kulawar En'e. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a watan Fabrairu na 1976 aka sa masa sunansa. Sauran sun biyo baya a hankali: asibitin ido na 'yan mishan a shekarun 1940, Asibitin Ƙashi na Dala a 1959, sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988.

Waɗanda suka yi jinya ko dubiya a shekarun 1960 da 1970 kusan bakinsu ɗaya kan abin da suke tunawa. Suna tuna dogayen barandu da inuwar darbejiya, da warin Izal da ke tarar mutum tun daga ƙofa. Suna tuna nas-nas cikin fararen kaya da 'yar hula, da babbarsu wadda idan ta doso ɗaki kowa ke shiga taitayinsa. Suna tuna kwalbar da ake zuwa da ita daga gida a cika ta da maganin ruwa, da ƙararrawar da ke korar 'yan dubiya idan lokaci ya cika. Da yawa suna tuna likitoci 'yan Indiya da Pakistan da Misra, waɗanda sai da tafinta suke jin ciwon maras lafiya. Abin da ya fi zama a ransu shi ne wannan: mutum ya kan je asibiti da ciwonsa, sauran ɗawainiya kuwa ta hukuma ce.

Abin da tuni ya manta

Sai dai wanda ya rayu shi ke ba da labari. Tsohuwar da ta haihu lafiya a gadon asibiti tana cikin 'yan tsiraru, domin yawancin tsararrakinta a gida suka haihu a hannun unguwarzoma, kuma waɗanda naƙuda ta zo musu da gardama ba su nan balle su faɗi nasu. A wancan zamani agana na barin zanzana a fuskokin waɗanda ta ƙyale da rai, ƙyanda na ɗibar yara duk shekara, shan inna na naƙasa su. Sai a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da agana daga doron ƙasa. Yaro na ƙarshe da aka samu da ƙwayar shan inna ta asali a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a 2014, kuma a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Wanda ƙodarsa ta daina aiki a 1970 sai dai a mai da shi gida a jira ikon Allah. Yau ana wankin ƙoda a Kano, kuma tun 2002 ake dashenta a asibitin Malam. Ta fuskar ilimin likitanci da kayan aiki, asibitin yau ya yi wa na jiya nisa ƙwarai.

Kyautar da ake tunawa ma tana da wanda ya biya. Baitulmalin En'e da haraji da jangali ake cika shi, kuma manomin Gaya ko makiyayin Rano yana biyan nasa duk shekara alhali gadon asibitin yana cikin birni, inda mai yiwuwa har ya mutu bai taka ba. Daga baya kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ɗauki nauyin. Ga kuma ƙarancin masu zuwa: mutane da dama na tsoron asibiti, suna ganin wanda aka ba gado sai dai gawarsa. Ƙidayar 1952 ta samu mutum kimanin 130,000 a Kano. Yau birnin da kewayensa sun haura miliyan huɗu, kuma tsoron nan ya gushe. Ciyar da ɗaki guda na marasa lafiya kyauta abu ne mai sauƙi idan gari ƙarami ne kuma rabinsa na gudun ƙofar.

Yadda nauyin ya sauka a kan mai jinya

Duk da haka tsohuwa ba ta yi kuskure ba a kan babban batu. Wanda ke biya ya sauya, kuma ana iya nuna lokacin da hakan ya faru. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta zube. Magani da kayan tiyata kuwa daga waje ake sayo su, don haka kasafin da ya ishi shekara ya koma ba ya kai ƙarshenta. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya tanadi a riƙa sayar wa maras lafiya magani a farashi mai rahusa, a juya kuɗin a sayo wani. Manufar ita ce kada kantar magani ta zauna fayau. A aikace, daga nan ne biyan kuɗi a taga ya zama al'ada, kuma inda asusun ya karye sai aka koma rubuta takarda a ce a je kemis.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayyar Najeriya, mai masaukin taron, ba ta taɓa cika shi ba. Yawanci tana yawo ne a wajajen kashi 5. Sakamakon haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, a ranar da ciwo ya kama su, wato ranar da suka fi kowace rana rauni.

Wannan lissafi yana da fuska, kuma fuskar mai jinya ce. Shi ne ke kwana a tabarma a baranda, ya bi layin biyan kuɗi, ya tsallaka titi zuwa kemis da tsakar dare, ya kai jini ɗakin gwaji ya koma karɓo sakamako, ya kira 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya a turo abin da ya samu. Mace ce sau da yawa ke wanke maras lafiya, ta juya shi, ta zubar da fo, ta kawo abinci a kula daga gida. Ayyukan da dā ma'aikata ke yi da albashi yanzu dangi ke yin su kyauta, bayan sun rufe shago ko sun bar yara a maƙwabta. Zumunci ne ke riƙe da asibitocin gwamnati, kuma wanda ba shi da kowa shi ya fi kowa sanin haka.

Matakalar da ta karye

Akwai abu na biyu da tsofaffi ke ambatawa a gefen hira, wanda ya fi abincin kyauta muhimmanci. Kafin a kai ga babban asibiti, akwai ɗakin shan magani na En'e a gunduma, inda disfensa ke wanke miki ya ba da maganin zazzaɓi. Akwai kuma duba-gari, wanda Makarantar Tsafta ta Kano ke horarwa tun shekarun 1930, mai shiga gida ya leƙa randa da masai da kwata, ya kai ƙarar wanda ya ƙi gyarawa. Mutane ba sa son ganinsa, amma yana tare ciwo tun kafin ya kama hanyar asibiti.

An yi yunƙurin farfaɗo da wannan mataki na ƙasa a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ɗora kula da ƙananan asibitoci a kan ƙananan hukumomi. Daga baya ƙananan hukumomin suka rasa ikon kuɗinsu, yawancin cibiyoyin suka koma gini da ma'aikaci ɗaya ko biyu, a rufe kafin la'asar. Uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi ta san haka, shi ya sa take hawa adaidaita sahu ta wuce cibiyar unguwarsu ta nufi babban asibiti. Can za ta tarar da ɗaruruwa irinta a layi ɗaya da wanda mota ta buge da wadda jini ya ɓalle mata. Asibitin da aka tanada don ciwon da ya gagara ya zama wurin shan maganin mura, ya kuma zama na mutanen Jigawa da Katsina da ma Jamhuriyar Nijar.

A cikin wannan cunkoso ne ake zargin ma'aikata da faɗa da rashin tausayi. Wani zargin gaskiya ne, kuma babu uzurin wulaƙanta maras lafiya. Amma nas ɗin da ake yabo a dā ba da wata zuciya daban aka halicce ta ba. Gadajen da ke hannunta ne ba su fi ƙarfinta ba. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya a 'yan shekarun nan, da dama zuwa Ingila da Saudiyya. Wanda ya rage yana duba layin da ya kamata mutum uku su raba.

Ma'aunin da ya dace

Kowace gwamnati da ta zo tana son a gan ta da sabon gini, da fenti, da na'ura a cikin leda. Ba za a raina wannan ba, domin tsohon gini yana buƙatar gyara, kuma birni mai miliyoyin mutane yana buƙatar ƙarin gadaje. Matsalar ita ce gini ana buɗe shi sau ɗaya a gaban kyamara, magani da albashi da man janareta kuwa kullum ake biyansu ba mai tafi. Shi ya sa ake iya samun ɗaki mai tayil da fanka, amma takardar da ake miƙa wa mai jinya ba ta ragu da ko layi ɗaya ba.

Dokokin da za su rage ta suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, tare da asusu na musamman ga marasa ƙarfi. Har yanzu ma'aikatan gwamnati ne suka fi cin moriyar inshora, su da dā ma suke da albashi. Ɗan dako a Kantin Kwari da mai sayar da ƙosai a Fagge suna waje. Zamanin kyauta na En'e ba zai dawo ba, kuma bai kamata a yaudari mutane da shi a lokacin kamfe ba. Abin da zai yiwu shi ne a tara kuɗin tun ana lafiya, kaɗan-kaɗan daga mai hali, hukuma ta biya wa maras hali, yadda ranar ciwo ba za ta zama ranar sayar da akuya ba.

Don haka idan ɗan takara ya zo da hoton ginin da ya yi, akwai tambayoyi biyu da suka fi hoton amfani. Cibiyar lafiya ta unguwa tana buɗe da ƙarfe biyun dare, da ungozoma a ciki da magani a kanta? Kuma matar da naƙuda ta kama, abubuwa nawa ake rubuta wa mijinta ya sayo kafin a taɓa ta? Waɗannan abubuwa ne da kowane mai jinya zai iya ƙirgawa da kansa, ba sai an kawo masa rahoto ba. Ranar da takardar ta fara gajarta, jikan nan zai dawo gida da labarin da kakarsa za ta gane.