Idan gwajin maƙoƙo ya tsaya a kan iyaka: Abin da ya kamata a duba kafin a fara shan magani

A ƙauyukan da ke kewaye da Ɗambatta, Bichi, Makoɗa da Kunci, inda gona ke manne da gona, akwai koken da ake yawan ji daga bakin mata, musamman bayan an gama aikin damina: kasala mara ƙarewa, jiri, zubewar gashi, yawan jin sanyi, mantuwa, da tafin ƙafa da ke yi kamar ana soka masa allura. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ɗan da ke kasuwanci a Kantin Kwari, ko ƙanin da ke aiki a Sakatariyar Audu Baƙo, ya aika a kawo ta birni. A biya kuɗin gwaji, a karɓo takarda. A layin da aka rubuta TSH sai a ga, a misali, 5.6, alhali a gefe an nuna cewa iyakar lafiya ita ce 4.0 ko kusa da haka. Daga nan ruɗani yake farawa. Wani ya ce maƙoƙo ne, a sayo magani. Wani ya ce ƙarancin jini ne kawai, a sayo bitamin. Duk wanda aka bi cikin gaggawa, ana iya yin asarar kuɗi da ta lafiya.

Da farko ya kamata a fahimci abin da lambar take nufi. A gaban wuya akwai wata ƙaramar halitta da likitoci ke kira tayirod, wadda kumburinta ne muke kira maƙoƙo. Ita ce ke fitar da sinadarin T4 mai daidaita saurin aikin jiki. Shi kuwa TSH saƙo ne daga gindin ƙwaƙwalwa da ke umartar ta da ta yi aiki, kuma yana ƙaruwa idan ta yi sanyi. Idan TSH ya haura sosai, T4 kuma ya faɗi, to cuta ta tabbata, magani ya wajaba. Amma idan TSH ya ɗan gota iyaka, T4 yana nan daidai, wannan shi ne sakamakon kan iyaka. Akasarin ƙa'idojin likitanci suna ba da shawarar fara magani ne idan TSH ya wuce 10. A ƙasa da haka, sai an duba shekaru, alamomi, juna biyu da sauran yanayin mai jinya.

Abin da ba a cika gaya wa iyalai ba shi ne, lambar TSH ba ta zama wuri ɗaya. Takan hau da dare ta sauka da rana, takan ƙaru da tsufa, kuma takan ɗaga na ɗan lokaci a jikin wanda yake murmurewa daga zazzaɓi mai tsanani. Saboda haka ne ake so a maimaita gwajin bayan wata biyu zuwa uku. Wani babban bincike mai suna TRUST, wanda aka wallafa a 2017 bayan an gudanar da shi a ƙasashen Turai huɗu, ya gano cewa fiye da rabin tsofaffin da aka fara gani da irin wannan sakamako sun koma daidai da aka sake gwada su. Daga cikin mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama da suka shiga binciken, waɗanda aka ba maganin lebotayiroksin ba su fi waɗanda ba a ba su ba samun sauƙin kasala.

To, idan tayirod ba ita ce mai laifi ba, daga ina kasalar take? A nan ne yanayin karkarar Kano yake da muhimmanci. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Haihuwa a kusa da kusa, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da abincin da ya dogara ga hatsi duk suna zuƙe sinadarin ayon. Bitamin B12 kuwa ana samun sa ne a nama, hanta, ƙwai, kifi da nono, kuma su ne abubuwan da magidancin ƙauye yake kaiwa kasuwa ya sayar don ya sayi taki ko ya biya bashi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, nama ya ƙara nisa da tukunyar talaka. Alamomin ƙarancin ayon da na B12 sun yi kama da na sanyin tayirod ƙwarai: kasala, zubewar gashi, mantuwa, mutuwar hannu da ƙafa. Haka kuma mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metfomin yana iya rasa B12.

Matsalolin biyu ma suna da alaƙa. Tayirod tana buƙatar ayon da aidin kafin ta iya haɗa sinadarinta. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, matakin da ya rage maƙoƙo sosai a faɗin ƙasar. Sai dai gishirin da aka zuba a buɗaɗɗen kwano a kasuwar ƙauye, rana da danshi suna dukansa, yana iya rasa wani ɓangare na aidin ɗinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar maikirogiram 150 na aidin a kullum, mai juna biyu kuma 250. Ga kuma gero, abincin fura da kunu da tuwo, wanda binciken da aka yi a yankin Darfur na Sudan ya nuna cewa yana ɗauke da sinadaran da ke iya rage aikin tayirod a inda aidin ya yi ƙaranci. Wannan ba dalili ba ne na guje wa gero. Dalili ne na tabbatar da cewa gishirin gida mai aidin ne. Haka nan dokar ƙara sinadarai a fulawa, sukari da man girki ba ta cika isa ga wanda yake kai hatsinsa inji ya niƙa ba.

Akwai kuma tarkon da mutanen birni ke jefa 'yan'uwansu ciki da kyakkyawar niyya. Ƙwayoyin gyaran gashi da fata masu yawan bayotin suna iya rikita sakamakon gwajin tayirod, har ya nuna cutar da babu ita. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 kan yadda bayotin ke ɓata gwaje-gwajen jini. Shan folik asid kaɗai yana iya gyara jini ya ɓoye ƙarancin B12, alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa. Shi ma lebotayiroksin, idan aka sha shi ba tare da buƙata ba, yana iya jawo bugun zuciya ba daidai ba da raunin ƙashi, musamman ga tsofaffi.

Mai ɗaukar nauyin jinya yana da tambayoyin da suka cancanci ya yi wa likita. An auna T4 tare da TSH? An duba yawan jini da ajiyar ayon, wato feritin? Akwai buƙatar auna B12? Yaushe za a maimaita gwajin? Ya kuma kai duk ƙwayoyi da magungunan gargajiya da mai jinyar take sha. Idan likita ya haɗa mata maganin tayirod da na ƙarin jini, a raba su da kamar awa huɗu, domin ayon yana hana jiki ɗaukar na farkon. A gida kuma, wake, zogale, rama da kifin madatsun Tomas da Watari suna taimakawa, kuma a daina haɗa shayi da abinci, saboda yana rage shigar ayon.

Jiran nan yana da iyaka. Mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ba ta cikin masu jiran wata uku, domin ƙwaƙwalwar jariri tana dogara ga sinadarin uwa a farkon ciki. Haka ma wanda wuyansa ke ƙara kumbura, ko yake wahalar haɗiya, ko yake ramewa tare da bugun zuciya. Irin waɗannan su nemi ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala ba tare da ɓata lokaci ba.

Ragowar nauyin yana kan hukuma. Matar da ta fito daga Kunci ta biya kuɗin mota da na gwaji da ƙyar, ba lalle ne ta sake dawowa gwaji na biyu ba, kuma shi ne wanda yake raba gardama. Idan Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar suka tabbatar da cewa ana iya ɗibar jini a manyan asibitocin Bichi da Ɗambatta, a aika shi birni, sakamako ya dawo ta waya, da an rage wa iyalai wahala. Idan NAFDAC ta riƙa gwada gishiri a kasuwannin ƙauye, da an toshe wata kafar. Kafin a kai ga hakan, wanda ya riƙe takardar mahaifiyarsa ya ga lamba a kan iyaka, ya tanadi kuɗin gwaji na biyu kafin ya tanadi na magani.